Ja da Fari a Bayan Akwatin Baba

Zuwa ga Yaya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan takardar nan za ta same ki lafiya, ke da maigidan da yara. Yaya ƙarfin jikin Baba? Ni lafiyata ƙalau, in ban da ciwon bayan da ba ya rabuwa da wanda aikinsa rarrafe ne a ƙarƙashin injin yana bin wayoyin wuta. Jirginmu ya tsaya a tasha za a yi lodi na kwana huɗu, shi ne na samu sararin rubuto miki. Kin dai san yanayin aikin, da mun bar gaɓa wayar hannu ba ta da sauran amfani, sai mu yi wata guda da rabi ba mu ga ƙasa ba. Takardunku ma kamfani ke tara mana, a miƙo mana a tasha ta gaba.

Takardarki ta ƙarshe ta karya min zuciya. Kin ce tun faɗuwar da ya yi ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta ɗauke, idon ma ba ya iya karatu. Na karanta wurin nan ya fi sau goma. Yaya, shekara tara ke nan rabon da in yi magana da Baba, kuma kin san dalili, don kina tsaye a ƙofar shagon ranar. Ya ce in zauna in karɓi gyaran rediyon daga hannunsa, ni kuma na buɗe baki a gaban mutane na ce sana'ar ta mutu tuntuni, shi kawai gadin gawa yake yi. Shi kuwa ya ci gaba da narkar da dalmarsa. Kullum ina cewa zan dawo in ba shi haƙuri ido da ido, sai ga shekara tara ta wuce.

Ga kaya nan na ba kamfani su kawo. Akwai talabijin irin ta yanzu, da ƙaramar na'urar kallo, da filashi mai ɗauke da bidiyo a cikin ambulan. Na ɗauki kaina a bidiyo ina yi masa magana, minti huɗu ne kacal. Abin da nake so shi ne ya ji muryata, kuma kin san Baba ba ya jin komai sai ta akwatinsa. Amfilifayar nan tasa ta ƙara sauti mai gefen katako nake nufi, wadda ke kan kanta a falo. Kunnen dama ya daɗe da tafiya, na hagun ne ke da ɗan saura, shi ya sa yake murɗa sautin duka zuwa hagu, ya ɗora abin kunnen nan nasa mai kama da marfin tukunya. Ki jona talabijin ɗin da akwatin, ki sa masa abin kunnen, ki kunna.

Alfarma ɗaya nake roƙo, kada ki saurara. Magana ce tsakanina da shi. Ki gaishe min da yara, ki ce kawunsu bai manta da su ba.

Ƙaninki,
Auta

*

Zuwa ga Auta, injiniyan teku,

Bayan gaisuwa, muna lafiya. Yara suna gaishe ka, ƙaramar tana tambaya ko a ruwa kake kwana kamar kifi. Baba da sauƙi ba laifi, yana cin abinci in an ba shi a baki, kuma da rana muna zaunar da shi a kujerarsa ta falo. Na rage ɗinki saboda shi, keken ma na dawo da shi gida don in riƙa jin motsinsa.

Kaya sun iso. Sai da mutum biyu suka shigo da kwalin, amma da aka buɗe sai ga abu siriri kamar faranti. Maigidan ya huda bango ya rataye ta, ya kwana biyu yana nuna wa duk wanda ya shigo, ka ce shi ya ƙera ta. Hoto kam ya fito tangaran, har gashin bakin mai labarai kana iya ƙirgawa.

To amma injiniya, kai da ka san kan wuta, ka taɓa leƙa bayan abin da ka saya kuwa? Na juya talabijin ɗin nan na duba sama da ƙasa, babu rami ja, babu fari. Abin da ke akwai wasu ramuka ne masu faɗi guda uku, ɗaya na sa wayar na'urar kallon ta shiga daidai, sai wani ɗan ƙarami mai kusurwa huɗu da jan haske ke leƙowa daga ciki. Shi kuwa akwatin Baba, bayansa ramuka ne zagayayyu, ja da fari, a jere. Duk wayoyin da ke cikin kwalin na gwada, babu mai shiga. Ramin abin kunne ma babu shi a jikin talabijin ɗin.

Duk da haka na kunna masa. Na zaunar da shi kusa, na ƙure murya, na gudu kicin na saki famfo don in cika maka alkawari. Da na dawo na tarar ya tallabe kunnen hagu da hannunsa, ya tanƙwaro gaba har na ji tsoron ya faɗo. Ya gan ka, wannan babu shakka, don idonsa ya cika da ruwa. Amma bai ji ko kalma ɗaya ba. Da hoton ya ƙare ya dube ni, ya nuna akwatinsa da haɓa. Na ce masa ana nan ana shiri, ban sani ba ko ya gane.

Yanzu kullum da hantsi sai ya nuna talabijin. Ina kunna masa, in kashe muryar tunda ba ta da amfani gare shi, ni kuma in zauna da ɗinkina ba tare da na saɓa maka ba. Yana kallon bakinka yana motsi. Wannan rigar aikin taka mai aljihu a ƙirji, da abin gwada wuta a soke, ita yake tsura wa ido.

Auta, ga shawara. Ka rubuto abin da ka faɗa a takarda. In na kai bakina daidai kunnensa na hagu na ɗaga murya, yana kama wasu kalmomin. Zan karanta masa a hankali, har sau nawa kake so. Ni yayarka ce, ni na goya ka, babu abin da za ka faɗa da zai zame min sabo.

Yayarka

*

Zuwa ga Yaya,

Ina gaisuwa, da fatan kuna lafiya, Allah ya ƙara wa Baba sauƙi. Mun sha iska mai ƙarfi a hanya, sati guda kwanon abinci ba ya zama a tebur, amma mun iso lafiya.

Kin yi gaskiya, laifina ne. Na tsaya kallon girman gilashi ban juya bayanta ba. Baba da zai ji da ya yi min dariya, shi da ba ya karɓar rediyo sai ya fara buɗe bayanta.

Abin ba wuya. Talabijin ɗin yanzu da haske take fitar da sauti, ta wannan ɗan ramin mai jan haske da kika gani, akwatin Baba kuwa bai san wannan yaren ba. Ana bukatar tafinta a tsakaninsu. Ki je shagon kayan lantarki ki ce a ba ki ƙaramin akwatin da ke juya sautin haske zuwa ja da fari, bai fi kwalin ashana girma ba. A haɗa miki da siririyar wayar haske, da waya mai kai biyu, ja da fari. Wayar hasken daga talabijin zuwa tafintan, ja da farin daga tafintan zuwa bayan akwatin Baba, ja a ja, fari a fari. Sai ki murɗa makunnin zaɓi na gaba har ki ji sauti. Ki fara gwadawa da sifikun akwatin kafin ki sa masa abin kunne. Ki dai yi a hankali kada ki ɓata masa jonin da ya yi, kin san halinsa a kan wayoyinsa.

Maganar in rubuto kuwa, Yaya ki yi haƙuri. Da bakina na faɗa masa waccan maganar, da bakina nake so in janye ta. In ta fito daga bakinki zai ce ke ce kika gyara min, don ya san ke ce mai rufa min asiri tun muna yara.

Idan abin ya gagara ki bar shi, ina neman hutu, da an ba ni zan zo in haɗa da hannuna.

Ƙaninki,
Auta

*

Auta,

Muna lafiya, Baba kuma sai godiya, amma ba kamar da ba. Ƙafafunsa sun kumbura, likita ya canza masa magani. Gaisuwar ke nan, don yau raina a ɓace yake.

Na yi duk abin da ka ce. Na je shagon da ke kusa da tashar mota da takardarka a hannu, mai shagon ya karanta ya ce wanda ya rubuto ya san aiki. Ya ba ni tafintan naka da wayoyi. Na dawo na ja akwatin Baba gaba, na share ƙurar baya da tsumma. Ramukan ja da fari kala uku ne. Biyu a cike suke da wayoyin kaset ɗinsa, kowace ya naɗe ta da farin salatif ya yi rubutu da hannunsa. Ka tuna dukan da ka sha ranar da ka cire masa waya guda don ka gwada rediyonka? Ni ban manta ba, don ni na shafa maka mai. A gidan nan ba a cire wayar da Baba ya soka, kai ma ka sake jaddada min a takarda. Allah ya taimake ni akwai ja da fari guda a can gefe da babu komai a ciki, na soka a nan.

Na kunna tashar labarai don gwaji, na murɗa makunnin zaɓi. Auta, ban taɓa jin ƙara irin wannan ba. Ba murya ba ce, gurnani ne da tsatsa kamar injin niƙa ya haɗiyi dutse. Sifikun suna rawa a kan kanta, hoton Mama ya faɗo daga bango, ƙaramar ta ruga waje da kuka. Baba da ba ya ji, ya ji wannan a jikinsa. Ya shiga dukan hannun kujera da hannun hagu, yana nuna akwatin, yana ta yunƙurin magana, sai a-a-a kawai ke fita. Na yi maza na kashe. Ya ci gaba da nunawa, yana jujjuya yatsa, har yawu ya zubo masa. Na ce masa na kashe Baba, ba zan sake taɓawa ba, ka yi haƙuri. Sai ya jingina ya rufe ido.

Washegari maigidan ya ɗauko mai shagon. Ya kunna, ya ji ƙarar, ya kashe, ko juya akwatin bai yi ba. Ya ce, "Hajiya, wannan ai zamaninsa ya wuce, ba zai ɗauki sautin yanzu ba. Ku daina wahalar da kanku." Na ce masa mai shi ya shekara arba'in yana gyaran irinsa. Ya ce, "To shi ya sa." A gaban Baba ya faɗa. Na gode Allah da bai ji ba, don kusan maganarka ce ta wancan lokacin, sai dai shi ya fi ka ladabi.

Ya kawo mana wata doguwar sifika kamar muciya da ake ajiyewa ƙarƙashin talabijin. Tana da murya, yara suna murna, amma ba ta da ramin abin kunne, Baba kuwa ko gezau. Maigidan ya ce akwatin yana cin wuri, kuma yana tsoron yara su kunna ya yi gobara, ya ɗauke shi ya kai ɗakin ajiya. Ban hana shi ba saboda ka ce in ya gagara a bari sai ka zo. Tun ranar Baba ba ya kallon inda nake in na kawo masa abinci. Kanta yake kallo, wurin da akwatin ya bar alama a ƙura.

Yanzu ka saurare ni. Wannan taurin kan naka na shi ne, kun gaji juna, ni ce kullum a tsakiya. Mutum yana kwance yana ƙarewa, kai kana can kana zaɓen bakin da maganar za ta fito. Ban ga bambancin wannan da girman kan da ya fitar da kai daga shagon ba. Ka rubuto min kalmomin nan in karanta masa. Ba zan sake roƙonka ba bayan wannan.

Yayarka

*

Auta,

Sati bakwai shiru. Ina fata lafiya. Na je ofishin kamfaninku, matar da ke wurin ta duba ta ce jirginku ya tsaya a tasha tun kwanaki, an kuma raba takardu. Ke nan tawa ta same ka.

In maganata ce ta yi maka zafi, ka yi fushin da ni daga baya, ina nan ba inda za ni. Baba ne ba shi da lokaci. Ya daina zama a kujera, mun dawo da gadonsa falo saboda ya fi samun iska. Abinci sai cokali biyu uku. Har yanzu da hantsi yana ɗaga yatsa wajen talabijin, ina kunna masa kai. Jiya na ga ya miƙa hannun hagu cikin iska yana murɗawa a hankali, kamar mai neman tasha.

Maganar hutun fa? Ko layi biyu ne ka rubuto.

Yayarka

*

Zuwa ga Yaya,

Ina gaishe ki, ina gaida Baba, Allah ya sa takardar nan ta same shi da sauƙi. Takardunki biyu suna gabana. Na ba wani abokin aiki da ya sauka wannan ya sa a jirgin sama don ta yi sauri.

Ki fara da wannan kafin ki karanta sauran. Akwatin Baba lafiyarsa ƙalau, babu abin da ya same shi. Ramukan da kika tarar babu komai a ciki na garmaho ne, na faifai, tun da garmahon ya lalace suke a buɗe. Allurar faifai sautinta ɗan mitsitsi ne, shi ya sa aka yi wannan ramin ya riƙa ninka duk abin da ya shigo ninkin ba ninkin. In aka ɗura masa cikakken sauti irin na talabijin, dole ya yi wannan ihun. Ki ɗauko akwatin daga ɗakin ajiya. Ki cire wayoyin kaset ɗin da Baba ya rubuta wa "shiga", ki soka ja da farin tafintan a wurinsu, ki murɗa zaɓi zuwa kaset. Shi ke nan. Tazarar ramukan ba ta kai faɗin yatsa biyu ba.

Yaya, ba cewa yake ki kashe ba. Nuna miki yake ki matsar da wayar. Shi ya koya min wannan ina ɗan shekara goma sha biyu, ya ce duk wanda ya kawo amfilifaya yana cewa ta ƙone, a fara duba inda ya soka. Ni na san haka, amma na rubuta miki ja a ja fari a fari kamar ramin ɗaya ne, na kuma ƙara da kada ki taɓa joninsa. Ni na ɗaure miki hannu.

Sai kuma abin da nake jin kunyar faɗa. Takardarki ta farko cikin biyun nan ta same ni a waccan tashar, kamar yadda matar ofis ta ce. Na fara karantawa daga ƙasa, kin san halina, idona ya faɗa kan inda kika ce girman kai. Na ninke ta na jefa a akwati, na ce ba zan amsa ba sai na huce. Kwana uku muka yi a tashar, ina wucewa ta gaban gidan waya safe da yamma. Sai da muka yi nisa a ruwa na buɗe ta na karanta daga sama, na ga maganar ramin da babu komai. Na gane nan take. Na fito saman jirgi na tsaya, ko'ina ruwa, babu yadda zan yi. Sati shida na yi da amsar a bakina.

Hutu sun ce sai ƙarshen wannan tafiyar, wata biyu nan gaba. Ki haɗa masa yau. In kuma har yanzu bai yi ba, na sauko, ki saurari bidiyon da kanki ki faɗa masa a kunne. Duk yadda ta je masa na yarda.

Ki yafe min.

Ƙaninki,
Auta

*

Zuwa ga ƙanena,

Ina gaishe ka, ina fata kana lafiya. Kamfani sun ce sun aika wa kyaftin ɗinku saƙo, don haka na san labari ya riga takardar nan isa. Baba ya rasu ranar Laraba da la'asar, ina riƙe da hannunsa. Bai sha wahala a ƙarshen ba, numfashin ne ya yi ta raguwa har ya tsaya. Allah ya jiƙansa, ya ba mu haƙuri. Takardarka ta iso ranar Asabar.

Ban buɗe ta ba sai da baƙi suka ragu. Da na karanta na tashi na shiga ɗakin ajiya, na ɗauko akwatin da kaina, ban ma san ina da ƙarfin ɗaukarsa ba. Na mayar da shi kan kanta. Na daɗe a tsugune ina kallon salatif ɗin nan da rubutunsa, mace mai 'ya'ya huɗu tana tsoron cire waya. Na cire, na soka, na murɗa. Mai labarai ya yi magana a falon nan garau, da murya mai nauyi irin wadda muka tashi da ita. Duka aikin bai kai minti ɗaya ba. Maigidan yana tsaye a ƙofa, ya juya ya fita, tun ranar kuma bai iya haɗa ido da ni ba.

Ka ce kai ka ɗaure min hannu. Ban karɓa duka ba. Ina gabansa yana nuna min, yana jujjuya yatsa, ni kuma ina ba shi haƙuri. Shekara nawa ina kai masa abinci shago ina ganin yadda yake wannan yatsan in yana so a canza wuri. Tsoro ne ya rufe min ido, na ɗauka faɗa yake yi, don faɗan na saba da shi. Kuma da na ga jikin yana ƙasa, ai da na karya alkawarin na saurara na faɗa masa. Na tsaya jiran izininka ina fushi, kai kana can kana fushi. Wannan shi ke hana ni sakewa.

Na saurara, tunda ka ba ni izini. Na zauna a kujerarsa na sa abin kunnen, sautin duk a hagu yadda ya bar shi. Na ji ka ce duk wayar da ka taɓa a jirgin nan da hannunsa kake taɓawa, kuma kana yi wa kowace salatif ka rubuta sunanta har abokan aiki suna yi maka dariya. Na ji ka ce ba gawa yake gadi ba, kai ne ba ka san abin da ke da rai ba. Magana ce mai kyau, Auta. Da ta yi masa daɗi.

Na san abin da za ka tambaye ni, don haka bari in amsa tun yanzu. Ban sani ba ko ya yafe maka. Ba zan ƙirƙiro maka abin da bai faɗa ba. Abin da na gani da idona shi ne ya kalli fuskarka kowace safiya har wata huɗu, bai taɓa kawar da kai ba, kuma ranar Talata ma ya ɗaga yatsa na kunna masa. Ko ya karanci wani abu a bakinka, Allah ne masani. Ka riƙe wannan, iyakar abin da nake da shi ke nan.

In an ba ka hutun ka zo, kada ka ce babu amfani yanzu. Kayan shagon suna nan a kwalaye, ban san sunan rabinsu ba, kuma ba zan bari mai shagon tasha ya zo ya yi musu kuɗin tsofaffin ƙarfe ba. Yara suna son ganinka. Ni ma ina so, duk da ban gama jin haushinka ba, ban kuma gama jin haushin kaina ba.

Jiya na rubuta maganar taka a takarda kalma bayan kalma, ban san dalili ba. Na tsaya gefen gadon na karanta da ƙarfi, a hankali, yadda da zan karanta masa. Ko shafi ɗaya ba ta cika ba, Auta.

Yayarka